Yadda Ake Zaɓen Fenti da Firaimar da Za Su Daɗe a Jikin Tirela

Duk wanda ya saba bin titin Kaduna zuwa Zariya, daga Kawo ya wuce Rigachikun har ya kai Mararrabar Jos, ya san irin ƙarfen da ke jibge a gefen hanyar nan. Ga tireloli da tankoki da tifofi a fake, ga shagunan masu walda suna haɗa ƙofofi, tankunan ruwa, kurar 'yan ga-ruwa, da ƙananan tirelolin da tarakta ke ja zuwa gona. Kusan duk abin da ya fito daga waɗannan shaguna da ja yake fitowa, wato an shafe shi da red oksaid, daga baya a bi shi da shuɗi ko kore, a miƙa wa mai shi yana ƙyalli.

Matsalar tana bayyana ne bayan damina ɗaya. Tirelar da aka yi wa fenti a watan Janairu, kafin Satumba sai a ga fentin ya yi bororo a gefen walda, ruwan tsatsa yana gangarowa daga kusurwoyi. Mai ita ya ce an sayar masa da jabun fenti, mai fenti ya ce ai damina ce ta yi yawa. Sau da yawa duka biyun ba su gano bakin zaren ba. Fentin saman da ido ke gani shi ne mafi ƙarancin tasiri a cikin aikin. Abin da ke yanke hukuncin shekara nawa fenti zai yi shi ne yadda aka gyara ƙarfen kafin a taɓa burushi, da irin firaimar da aka fara ɗora masa.

Kuma maganar ta wuce ta kwalliya. Tsatsa cin ƙarfe take yi. Sandar da ke haɗa tirela da abin da ke janta, da wuraren da sufurin ke maƙale da shasi, idan suka sirance suna iya karyewa a kan hanya da kaya a bayansu. A titi irin na Zariya, inda manyan motoci ke gudu dare da rana, ba a fatan ganin haka.

Me ya haɗa tirelar kwale-kwale da tirelar Rigachikun?

A ƙasashen da mutane ke da ƙananan jiragen ruwa na kansu, kamar Amurka da Ostareliya, akwai wata tirela da ake ɗora jirgin a kai, a ja shi da mota zuwa bakin ruwa. Don a sauke jirgin, dole a tura tirelar da baya ta nutse cikin ruwa, wani lokacin ruwan gishiri na teku, sannan a fito da ita ta bushe a rana. Ƙarfen irin wannan tirela yana shan wahala sosai.

A Rigachikun ba a jan jirgi da mota, amma wahalar iri ɗaya ce. Tifar da ke ɗaukar jiƙaƙƙen yashi daga bakin Kogin Kaduna kullum ƙasanta a jiƙe yake. Tirelar tarakta tana shiga fadama, taɓo ya manne mata ya kwana yana riƙe da danshi. Motar shanu tana ɗauke da fitsari da kashin dabbobi tun daga kasuwa har kudu. Sai kuma babban abokin gabar ƙarfe a Arewa, wato takin zamani. Yawancin takin NPK yana ɗauke da wani nau'in gishiri mai sinadarin kulorayid, ɗan'uwan wanda ke cikin ruwan teku, ita kuma yuriya tana jawo danshi daga iska. Buhu ɗaya ya fashe a cikin tirela, aka bar shi ruwa ya taɓa, to ƙarfen nan kamar an ajiye shi ne a bakin teku a Legas.

Tsatsa tana buƙatar abu biyu, ruwa da iska. Gishiri kuwa yana ƙara mata gudu ne, domin yana sa ruwa ya riƙa ɗaukar lantarki sosai, ita kuma tsatsa a asalinta aikin lantarki ne, kamar abin da ke faruwa a cikin batir. Wani abin da ya kamata a sani shi ne tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma ninki da dama. Idan ta fara a ƙarƙashin fenti sai ta kumbura ta ɗaga shi, ruwa ya ƙara samun hanya. Bororon da ake gani ke nan.

Kaduna tana samun ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa daga Mayu zuwa Oktoba. Wata shida ke nan ƙarfe yana jiƙewa yana bushewa.

Aikin da ba a gani shi ne aikin

Mai karatu ya tuna lokacin da aka manna masa gilashin kare fuskar waya ba a goge ƙura ba. Komai tsadar gilashin, iska za ta shiga, gefe ya fara ɗagawa. Haka fenti yake a kan ƙarfe.

Abu na farko da ke yaudarar mutane shi ne sabon ƙarfe. Falanki ko angul da aka sayo a Panteka yakan zo da wata baƙar fata mai ɗan shuɗi-shuɗi, mai santsi, sai a ɗauka ai ƙarfen tsaf yake. Wannan fatar ɓawo ne da ya samu lokacin da aka murza ƙarfen da zafi a masana'anta. Yana da tauri amma yana tsagewa, kuma idan danshi ya shiga ƙarƙashinsa sai ya ɓare ya tafi da duk fentin da ke kansa. Dole a cire shi.

Abu na biyu shi ne mai da giris. A fara wanke su kafin a fara gurza, domin idan aka sa giranda a kan ƙarfe mai maiƙo, shafa maiƙon kawai ake yi a ko'ina. Tina mai kyau ko sabulun wanke inji da ruwa sun isa. Kalanzir da man dizal ba su dace ba, su kansu suna barin maiƙo. Idan tsohuwar tirela ce da ta ɗauki taki ko gishiri ko dabbobi, a wanke ta da ruwa mai yawa, da injin wankin mota mai ƙarfi in da hali. Gishiri ba ya fita da tina, ruwa ne kaɗai ke narkar da shi, kuma wanda ya maƙale a ramukan tsatsa zai ci gaba da jawo danshi ta cikin sabon fenti.

Hanya mafi kyau ta tsabtace ƙarfe ita ce feshin tsakuwa da kwamfuresa, wanda ke kankare komai har ƙarfen ya yi fari-fari, ya kuma bar masa kaushin da firaima za ta kama. Ƙa'idar ISO 8501-1 ta ba wannan mataki suna Sa 2½, kuma shi ne za a gani a rubuce a takardar bayanin yawancin fentin masana'antu. Amma ba kowane shago ke da wannan injin ba, kuma yin sa da yashin kogi ba tare da kariyar numfashi ba yana lalata huhu. Abin da ke hannun yawancin masu walda shi ne giranda da burushin waya da samfefa. Wannan ma yana da matsayinsa a ƙa'idar, St 2 da St 3, kuma akwai firaimar da aka yi musamman don ƙarfen da aka gyara da hannu. Sai dai a kula, burushin waya idan aka daɗe ana murza shi a wuri ɗaya goge tsatsar yake yi ta yi sheƙi, ba cire ta ba. Faifan samfefa mai kaushi ya fi shi.

Walda kanta tana da nata sharrin. Kashin walda da ɗigon ƙarfen da ke fallatsa a gefenta, duka a kankare su. Bakin ƙarfe mai kaifi a ɗan rage masa kaifi da giranda, domin fenti idan yana bushewa janyewa yake yi daga kaifi, ya bar wurin da ɗan siririn rufi. Shi ya sa tsatsa take farawa daga gefuna da kusurwoyi. Ƙwararru sukan fara bin walda da gefuna da kan noti da burushi, su ba su shafi na musamman, kafin a yi wa sauran jiki.

Da an gama gurzawa, a shafa firaima a ranar. Ƙarfen da aka kankare aka bar shi ya kwana a watan Agusta, da safe za a same shi da jan ƙura.

Firaima: ja ba shi ne magani ba

Red oksaid ta samu karɓuwa saboda araha da sauƙin shafawa. Jan launin nata daga garin tsatsar ƙarfe ne da aka tace, kuma shi kansa garin ba ya yaƙar tsatsa, katanga kawai yake zama. Abin da ke riƙe da shi wani mai ne da ake kira alkid, irin na fentin mai na ƙofa da taga. Alkid yana jure ruwan sama da ke zuba ya wuce, amma ba ya jure zama cikin ruwa ko taɓo, kuma taki yana cin sa. Ga ƙofar gida ko kurar da ake ajiyewa a inuwa, red oksaid mai kyau shafi biyu ta wadatar. Ga ƙarƙashin tirela ba ta kai ba.

Mataki na gaba ita ce firaimar da aka zuba wa zinki fosfet. Sau da yawa toka-toka ce, wani lokacin ma ja ce, don haka a karanta gwangwani, kada a dogara da launi. Wannan sinadarin yana rage wa tsatsa kuzari idan danshi ya ratso. Bambancin kuɗinta da red oksaid ba shi da yawa, kuma ga wanda ƙarfinsa bai kai ga ifoksi ba, nan ya kamata ya tsaya.

Ifoksi kuwa wani gida ne daban. Gwangwani biyu take zuwa, fenti da hadna. Ba bushewa take yi da iska ba, haɗuwar sinadaran biyu ce ke sa ta daskare ta zama kamar roba mai tauri, wadda ruwa ke wahalar ratsawa. Ita ake shafa wa jiragen ruwa da gadoji da cikin tankuna. Tana kama ƙarfe da kyau, shafi ɗaya nata kuma yana yin kaurin shafi biyu ko uku na alkid. Ga tirelar taki, ta dabbobi, da duk wadda ke shiga ruwa, ita ce zaɓin da ya dace. Akwai nau'inta da ake kira mastik, wanda aka yi don ƙarfen da aka gyara da giranda, kuma shi ya fi dacewa da shagon bakin titi.

Amma ifoksi ba ta yafe ganganci. Idan takarda ta ce kashi huɗu na fenti da kashi ɗaya na hadna, to haka za a auna, da gwangwanin awo, ba da ido ba. Ƙara hadna ba ya sa ta yi saurin kamawa, lalata ta yake yi. Da zarar an haɗa, agogo ya fara tafiya, akwai awannin da za ta yi kafin ta daskare a cikin bokiti, kuma zafi yana rage su. Kusan duk ƙarin digiri 10 yana raba lokacin biyu. Abin da takarda ta ce zai yi awa huɗu a digiri 23, a zafin Maris na Kaduna da ƙyar ya wuce awa ɗaya da rabi. A riƙa haɗa kaɗan-kaɗan.

Akwai kuma firaima mai garin zinki, wato tutiya, wadda wasu ke kira galbanaizin na sanyi. Aikinta ya bambanta da na sauran. Zinki ya fi ƙarfe saurin ciwuwa, don haka idan fenti ya karce, zinkin da ke gefen wurin ne ke lalacewa a madadin ƙarfen. A ƙa'idar ISO 12944, sai garin zinki ya kai kashi 80 cikin 100 na nauyin busasshen fentin kafin a kira shi mai wadatar zinki. Ana gane ta tun daga ɗaga gwangwani, tana da nauyi fiye da kima. Sharaɗinta shi ne dole zinkin ya taɓa tsiraicin ƙarfe. A kan tsohon fenti ko ragowar tsatsa asarar kuɗi ce.

Mafi ƙarko duka shi ne a tsoma tirelar gaba ɗaya cikin narkakken zinki mai zafin kusan digiri 450, dabarar da wani Bafaranshe mai suna Sorel ya yi wa rajista tun 1837. Zinkin yana shiga har cikin fayif, inda burushi ba ya kaiwa. Yawancin tirelolin jirgin da ke shiga teku haka ake yi musu, ko kuma a ƙera su da alminiyam. Sai dai kwamin da zai ɗauki tirela ba a kowane gari ake samunsa ba, kuma kuɗin kai ta da dawo da ita na iya fin na fenti. Abin da ya fi shafar mutanen nan shi ne fayif da kwanon da aka riga aka yi wa wannan rufi. Kada a shafa musu fentin mai kai tsaye. Alkid da zinki idan suka haɗu da danshi wani abu mai kama da sabulu suke haifarwa a tsakaninsu, fentin ya riƙa saɓulewa kamar fatar maciji. Duk wanda ya taɓa ganin kwanon rufi da aka yi wa fenti yana ɓarewa falle-falle, abin da ya faru ke nan. Irin wannan ƙarfe yana buƙatar firaimar da aka rubuta cewa ta galbanaiz ce, ko ifoksin da ta dace da shi.

Fentin sama

Ifoksi tana da rauni ɗaya, rana. Idan aka bar ta a fili sai samanta ya koɗe ya riƙa fitar da gari kamar alli. Ba ta daina kare ƙarfe nan take, amma tana sirancewa a hankali. Don haka ake rufe ta da foliyuritan, shi ma mai gwangwani biyu, wanda ke jure rana ya riƙe launi. A ƙarƙashin tirela, inda rana ba ta kaiwa, ifoksi shafi biyu ta isa ba sai an ƙara komai ba. Nan ma an rage kuɗi.

A kan firaimar alkid kuwa, fentin mai na alkid za a ɗora. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗora fenti mai hadna a kan red oksaid ko tsohon fentin mai, da tunanin an ƙara inganci. Tinar da ke cikinsa tana da ƙarfi, sai ta jiƙa na ƙasan, ya yamutse ya tashi. Kafin a sake wa tsohuwar tirela fenti, a jiƙa tsumma da tinar sabon fentin a ɗora a wani lungu na 'yan mintuna. Idan tsohon ya yi laushi ko ya yamutse, to ko dai a kankare shi duka, ko a tsaya a kan irinsa.

Baƙin fentin kwalta yana da amfani a ƙarƙashin mota saboda araha da hana ruwa, amma yana laushi da zafi, man fetur da dizal suna narkar da shi, kuma duk fentin da aka ɗora a kansa sai baƙin ya huda ya fito. Wanda ya shafa shi ya sani cewa ya rufe wa kansa ƙofar ifoksi a wurin, sai ya kankare.

Cikin bodin tifa kuwa, gaskiya babu fentin gwangwani da zai jure zubar yashi da dutse kullum. Kada a ɓata kuɗi a nan. A kai kuɗin ƙarƙashi da shasi da bayan tayoyi.

Kauri, da lissafin da ke tona asirin tina

Ana auna kaurin fenti da maikuron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Gashin kan mutum yana kai kimanin maikuron 70. Shafi ɗaya na fentin mai yakan bar 30 zuwa 40 bayan ya bushe, ifoksi kuma 100 ko fiye. Ga tirelar da ke shan ruwa da taki, a nemi jimillar 200 zuwa 250. Red oksaid ɗaya da gilos ɗaya, irin yadda aka saba, ba su wuce 80 ba.

Kowane fentin kirki yana da takardar bayani, kuma kamfanoni irin su Berger, Jotun, Hempel da International suna sa nasu a intanet, ana iya saukewa a waya. A cikinta akwai wani adadi da ke nuna kashi nawa na fentin ne ke zama a jikin ƙarfe bayan tina ta tashi. Da shi ake lissafi: a ninka adadin sau 10, a raba da kaurin da ake so, abin da ya fito shi ne murabba'in mita nawa lita ɗaya za ta rufe.

A ɗauki ƙaramar tirela mai tsawon mita 3, faɗin mita 1.8, da bango rabin mita. Daɓenta sama da ƙasa murabba'in mita 10.8 ne, bangon ciki da waje 9.6, shasi da sauran ƙarafa a ce 5. Jimilla kusan 25. Idan ifoksin tana da kashi 60, ana son maikuron 100, to 600 a raba da 100, lita ɗaya za ta rufe murabba'in mita 6. A cire kusan kashi 30 cikin 100 na abin da ke zuba da wanda iska ke ɗauka wajen feshi, ya rage 4 da ɗan kai. Ke nan shafi ɗaya zai ci kusan lita 6, galan ɗaya da rabi.

To idan mai fenti ya ce galan ɗaya ya ishe shi shafi biyu har da saura, an san inda maganar ta dosa. Tina ko fetur zai cika. Fentin da aka tsinka rabi da rabi yana rufe ido, launi ya fito, amma rabin kaurin kawai ya bari. Yawancin takardun bayani ba sa yarda a wuce kashi 5 zuwa 10 na tina, kuma tinar da kamfanin ya ambata. Hanya mafi sauƙi ta kauce wa rigima ita ce mai tirela ya sayi kayan da kansa, ya biya kuɗin aiki daban, sannan ya sa a yi kowane shafi da launi daban, don a ga inda aka tsallake.

Ƙananan na'urori uku da ke raba gardama

Akwai wata 'yar na'ura mai batir, ba ta kai girman waya ba, da ke auna kaurin busasshen fenti a kan ƙarfe ta hanyar maganaɗisu. Ana ɗora bakinta a jiki, adadin maikuron ya fito a allo. Dillalan motocin tokumbo suna amfani da irinta don gano inda aka cika da bodi fila. Masu araha ba su kai na injiniyoyi daidaito ba, amma sun isa su bambance 60 da 200. A auna a gefuna da ƙarƙashi, ba a tsakiyar bango inda feshi ya fi sauka ba.

Sauran biyun su ne ma'aunin danshin iska, da ma'aunin zafi mai kama da bindiga, irin wanda aka saba gani a ƙofar banki lokacin korona, amma na auna jikin abubuwa. Amfaninsu shi ne gano raɓa. Ƙa'idar da kusan duk kamfanonin fenti suka yarda da ita ita ce kada danshin iska ya wuce kashi 85, kuma zafin ƙarfe ya ɗara ma'aunin saukar raɓa da aƙalla digiri 3. Manhajojin hasashen yanayi da yawa suna nuna wannan ma'auni. Wanda bai samu ba, ga lissafin kusa da ke aiki idan danshi ya wuce kashi 50: a cire danshin daga 100, a raba da 5, a cire sakamakon daga zafin iska. Da safiyar Agusta mai digiri 25 da danshi 85, raɓa tana sauka a digiri 22. Idan ƙarfen da ya kwana a waje yana 24, bai kai ba, ko da hannu ya ji shi a bushe. A jira hantsi.

Wannan ya sa lokacin da ya fi dacewa da fenti a Kaduna shi ne bayan ɗaukewar ruwa, daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, kafin hunturu ya kankama. Lokacin hunturu iska a bushe take, amma ƙura tana sauka a kan ɗanyen fenti, sai an kewaye wurin da tamfol an yayyafa ruwa a ƙasa. A bazara kuma ƙarfen da ke rana yana zafin da hannu ba ya iya taɓawa, fenti ya bushe kafin ya kwanta, ya bar ƙananan huji. A yi aiki a inuwa.

Bayan an gama, a yi haƙuri. Fenti ya bushe a hannu ba yana nufin ya nuna ba. Ifoksi takan ɗauki kusan kwana bakwai kafin ta kai cikakken ƙarfinta. Wanda ya loda taki washegari ya zubar da rabin kuɗinsa.

Inda fenti ba ya kaiwa

Masu tirelar jirgi sun daɗe da gano cewa tirelar da aka yi da fayif mai kusurwa huɗu daga ciki take ruɓewa. Waje yana ƙyalli, ciki ruwa ya kwanta, sai ranar da aka buga guduma ta shige. Shi ya sa da yawa suka fi son ƙarfe mai buɗaɗɗen gefe, irin canel da angul, wanda ake iya wankewa a shafe ko'ina. Wanda zai ba da aikin sabuwar tirela ya yi wannan magana da mai walda tun kafin a yanka ƙarfe. Idan fayif ɗin ne dole, a huda ƙananan ramuka a mafi ƙasan kowane sashe don ruwa ya fita, a fesa man hana tsatsa mai kama da kakin zuma a ciki. Wasu suna ɗura baƙin mai, yana ɗan taimakawa a ciki, amma duk inda ya taɓa a waje fenti ba zai sake kamawa ba sai an sha wanki.

Haka waldar ɗigo-ɗigo, inda ake kama ƙarfe biyu a bar tsaga a tsakani. Tsagar nan ruwa take sha ta riƙe. A cike waldar, ko a toshe tsagar da abin toshe haɗin bodin mota bayan firaima.

Lafiyar mai aikin

Tsofaffin manyan motoci da yawa an yi musu firaimar jan dalma, wadda ta yi kama da red oksaid a ido, sai dai ta fi ta komawa ruwan lemo. Wasu fentin rawaya da ja su ma suna ɗauke da dalma. Gurza su da giranda yana tayar da ƙura mai guba, wadda ke bin tufafi zuwa gida wurin yara. Arewa ta san illar dalma, a 2010 ƙurarta daga niƙan duwatsun zinare ta kashe yara kusan 400 a Zamfara. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke goyon baya a fenti ita ce kashi 90 cikin miliyan. A nemi gwangwanin da ya rubuta babu dalma, mai lambar rukuni da ranar ƙerawa, da tambarin MANCAP na hukumar SON idan na gida ne.

Hadnar foliyuritan kuma tana ɗauke da sinadarin da ke jawo asma idan aka shaƙi feshinsa. Takunkumin yadi ko tsumma a hanci ba sa tare shi. Wanda ba shi da abin rufe fuska na masu feshi, gara ya shafa da burushi ko rola a fili, ko da ƙyallin bai kai na feshi ba. Ƙarƙashin tirela dai ba mai leƙawa sai bakanike.